Daren da Na Sa Aka Rufe Fitila

Na daɗe ina gaba da fitila. Duk wanda ya zauna layi ɗaya da ni a Talata Mafara ya san haka, domin babu maƙwabcin da ban taɓa buga wa ƙofa ba a kan ƙwan lantarkin da ya bari a kunne a waje. Mai shayin bakin layinmu har sarauta ya naɗa mini, wai sarkin duhu. In aka ɗauke wuta unguwa ta ɗauki tsaki, ni kaɗai nake hamdala, in yi maza in jawo bututuna tsakar gida kafin masu janareto su tayar da nasu tashin hankalin.

Bututun nan madubin hangen taurari ne. Madubin kansa, wanda faɗinsa bai wuce na ƙaramin faranti ba, wani abokin aikina ne ya taho mini da shi daga tafiya. Sauran kuwa aikin gida ne: bututun roba irin na masu aikin famfo, na shafe cikinsa da baƙin fenti, sai akwatin katako da wani kafinta ya haɗa mini, yana yi yana dariya. Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, kuma ba na jin akwai ɗalibin da ya taɓa samun rabin haƙurin da nake yi wa wannan bututu.

Wata da manyan taurari ba su dame ni ba. Waɗannan na baƙi ne, a nuna musu su yi kabbara su tafi. Abin da nake bi shi ne abubuwan da da ƙyar ake ganinsu, ɗan hazo-hazo a tsakanin taurari, wanda littafi zai ce maka tarin taurari ne masu nisan da hankali ba ya ɗauka, amma a ido bai fi tururin numfashi a kan gilashi ba. Ganinsu yana da ƙa'ida. Sai ka zauna cikin duhu kamar rabin awa, ba waya, ba ashana, har ido ya buɗe. Sannan ba a kallonsu kai tsaye, in ka zuba musu ido sai su ɓace. Gefe kake kallo, su kuma su shigo ta wutsiyar ido. In har yanzu kana shakka, ka ɗan taɓa bututun ya girgiza. Abin da yake can da gaske zai motsa tare da taurari, wanda zuciyarka ta ƙago kuwa ba zai bi su ba.

Daga nan sai zane. Ina kifa kofin shayi a kan farar takarda in zagaye bakinsa da fensir, wannan da'irar ita ce abin da ido yake gani a cikin madubi. Taurari ɗigo ne. Hazon kuma sai in goga fensir a wata takarda, in dangwali garinsa da ɗan yatsa in shafa a hankali. Tocilar da nake aiki da ita na naɗe ta da jar leda ninki uku, don jan haske ba ya kashe ido. Matata ta taɓa buɗe littafin zanen, ta juya shafi biyar, ta ce wannan ai ko yaro ya ci tuwo ya shafa hannu a takarda zai yi. Na yi kwana biyu ina ɗaure mata fuska, ko da yake da gaskiyarta.

Mafara ba ta da duhun da nake so. Ga gidajen mai, ga manyan motocin hanyar Gusau zuwa Sakkwato da ba sa barci. Da can nakan ɗaure bututun a bayan babur in tafi gonar wani abokina ta wajen Birnin Tudu, in kwana a bukka. Da lamarin 'yan bindiga ya yi ƙamari, kwana a gona ya zama ganganci, sai na koma garinmu, wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Maradun, gaba da Janbako. Can ɗin ma ba lafiya ce ta ishe su ba, amma akwai soron mahaifinmu, akwai kuma mutane kewaye da ni. Nakan tafi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in dawo Lahadi da rana tsaka, don ba mai bin wannan hanya in rana ta karkata.

Zan faɗi wani abu da nake jin kunyarsa. A ƙasan kowane zane ina rubuta yadda sama take a daren. Cikin shekara biyu gabashin garinmu ya yi ta ƙara duhu, ni kuwa ina ta rubuta cewa sama ta yi kyau ƙwarai. Na san dalili sarai. Ƙauyukan da wutar girkinsu da fitilunsu suke ɓata mini wannan gefe ne suka watse ɗaya bayan ɗaya, mutanensu suna kwana a barandar shaguna a Mafara. Ina wuce su da safe in zan tafi makaranta, in ji tausayinsu har cikin raina. Ranar Juma'a da dare kuma in hau soro in ji daɗin duhun da suka bar mini.

Garinmu yana kan tudu. Kudu da mu akwai fadama, tsallakenta kuma wani ƙauye, tafiyar kamar rabin awa a ƙafa. Can yayata take aure. Ita ta goye ni, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau kuma in ta ga na rame sai ta nemi wanda za ta yi wa faɗa. Duk Juma'ar da na zo, kafin magariba kwanon tuwonta ya tsallako fadama ya iske ni. Mijinta, wanda muke kira Alhaji, manomi ne mai faɗin kafaɗa da yawan dariya, tun ina ƙarami yake tsokanata irin ta miji da ƙanen mata. Bayan ƙauyensu akwai wani tudun da itatuwa, daga nan sai daji, dajin da ba a ambatonsa da dare.

Waya ba abin dogaro ba ce a wajenmu. In ta yi yau, gobe babu, an ma taɓa yin watanni ba layi gaba ɗaya. Sai garuruwan biyu suka yi shawara. Kowanne ya kafa doguwar sanda kusa da masallaci, aka ɗora mata fitila mai aiki da hasken rana, aka saukar da wayar fitilar har ƙasa, aka ja reshe zuwa gidaje uku ta yadda ko mace ko yaro zai iya fizge ta fitila ta mutu. Muddin kana hango fitilar maƙwabta, lafiya suke. In ta mutu, ba tambaya ba aike: a buga ƙarfe, maza su fito da abin da ke hannunsu, a nufi can da ihu da harbi sama. Alhaji ne ya kawo dabarar, shi ne kuma mai kula da tasu. Wani ya ce me zai hana a yi akasin haka, a zauna cikin duhu, a kunna in an shiga uku. Alhaji ya ce wanda aka ɗora wa bindiga a ka ba ya kunna fitila, amma kashewa ko mutanen daji da kansu sukan yi maka. Sau biyu dabarar ta yi aiki, ɓarayin suka ji gari biyu sun tashi, suka juya.

Abin da ya haɗa ni da wannan fitila wani curin taurari ne. Na mutanen kudancin duniya ne, mu nan leƙo mu kawai yake yi. A ƙarshen damina, in ruwa ya wanke sama kafin iska ta juya, yakan ɗago daga ƙasa kamar faɗin yatsu uku in ka miƙe hannu, ya yi kamar awa ɗaya a wurin da za a iya kama shi, ya koma. Mako biyu ko uku ke nan a shekara, a cikinsu ma sai daren da ba wata. Daga ƙauyen yayata, tudu da itatuwa sun tare shi. Daga soronmu kuwa kudu a buɗe take, sai dai curin yana bi ta daidai saman fitilarsu, inda hayaƙin girkin dare yake kwanciya a kan fadama ya sha haske ya yi fari. Shekara uku ina kafa ido a wurin, ban ga komai ba sai farin hayaƙi.

Na tsallaka na same shi a zaurensa yana gyaran lauje. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gona da gajiya, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Alhaji, awa guda tak. Ka ruhe ta, in gani, in zana, shi ke nan har abada."

"Kai ɗan boko," ya ce, "duniya na neman haske kai kana neman duhu. Mi kaka nema cikin duhun ga wanda Allah bai aje ma da rana ba?"

"Ko na gwada ma ba ka ganewa."

"Awo, mu jahilai. To hitilag ga ba ta ado ta ba. Ran mutane na bisa sandag ga."

Yayata tana jin mu daga tsakar gida. Ta ɗaga murya ta ce, "Ka ƙyale mai hitilatai. Kai tun kana yaro in kas so abu sai ka ga bayan haƙurin mutane."

Ta san ni. Ban ƙyale ba. Na koma sau uku, kowane zuwa da sabuwar hujja. Na ce an yi wata biyu ba a ji motsin kowa ba, ana ma cewa mutanen dajin sun yi yamma. Na ce awa ɗaya a cikin dare mai tsawo mene ne. Na kawo wa fitilar sabon batir daga Mafara, ya karɓa ya yi godiya, ya ce a'a. Da na ga hujja ta ƙare sai na yi abin da ko yaro aka ce ya yi za a tsawata masa. Ran Juma'a kwanon tuwon yayata ya zo, na ce a mayar. Ban ko buɗe murfin ba. Wanda ya san ƙauye ya san abin da ake nufi in aka ga kwano ya tsallaka fadama a cike ya dawo a cike, a gaban masu aikin shinkafa.

Washegari da hantsi sai ga Alhaji da kansa a zaurenmu. Bai yi dariya ba. Ya zauna ya ce yayata ba ta runtsa ba, kuka ta kwana yi.

"Juma'a mai zuwa da dare wata ya mutu," ya ce. "Ƙarhe goma zuwa sha ɗaya. Buhu za ni ɗora mata da gora. Wayar ba ni taɓa ta, ita ta masifa ta, ba a ja nata don wasa. In awa ta cika, ko ka gani ko ba ka gani ba, buɗewa nikai."

Na yi ta zuba masa godiya. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi, na bi shi da rakiya har bakin fadama ina ta surutu ni kaɗai.

Abin da ban yi tunani ba shi ne yawan kunnen da maganar za ta shiga. Dole a gaya wa mai gari. Dole a gaya wa masu gadi. Dole kowane namiji a garinmu ya sani, don kada wani ya fito fitsari ya ga duhu ya tayar da gari. Mazan suka gaya wa matansu, aka ci kasuwar Janbako a tsakani. Ran Laraba ina ɗakin malamai a Mafara, wani malami da ko hanyar garinmu bai sani ba ya ce da ni, wai da gaske ne ran Juma'a za a kashe maka fitila ka kalli taurari? Na tambaye shi inda ya ji, ya ce a tashar mota. Na yi dariya na ce mutane ba su da aikin yi. Daren nan na yi niyyar in aika a fasa, da gari ya waye na leƙa sama na gan ta shuɗiya tas, ba gajimare ko ɗaya, sai na bar maganar.

Ƙarfen da ake bugawa a soronmu yake rataye, don shi ya fi kowane gini tsawo. Mai gadinsa wani dattijo ne Bafulatani da muke kira Baffa. An kore masa garkensa kaf a dare ɗaya, ya dawo garinmu da iyalinsa ya zauna, aka ba shi gona. Ban taɓa ganin mai idon dare kamarsa ba. Abin da nakan yi minti goma ina nema a cikin madubi, shi in ya kafa ido sai ya ce, ga shi can ta hagu, kamar toka. Muna shiri sosai. Amma da na hau da kayana a daren, bai taya ni ɗauka ba kamar yadda ya saba.

"Malam," ya ce, "ni ban yarda da abin ga ba. Amma ni baƙo na garin ga, mai gari ya ce to."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ban gaya masa cewa da rana, a hanyata ta zuwa, na ga sawun babura da yawa sun ratsa hanya sun yi cikin gonaki ba. Mai babur ɗin da ya ɗauko ni ma ya gani. Sai kawai ya ƙara wuta. Tuwon yayata kuwa ya zo da magariba, da miyar kuka da man shanu, na cinye shi tas na aika da godiya.

Tun ƙarfe tara da rabi na zauna na juya wa fitilar baya don ido ya buɗe. Garinmu ya yi tsit. Taurarin Kaza da 'ya'yanta sun ɗago ta gabas. Iska tana busowa daga arewa, sanyi-sanyi, tana wuce mu ta nufi fadama. Goma daidai Baffa ya ce, "Ya ɗora." Na juya na ga hasken yana raguwa daga sama zuwa ƙasa, har ya ɓace.

Ban taɓa ganin kudu haka ba. Taurari suka sauko har suka taɓa kan itatuwa. Na saukar da bututun kusan kwance, na bi taurarin da na haddace hanyarsu shekara uku, daga wannan zuwa wancan, na kalli gefe. Sai ga shi. Ba ma sai na girgiza bututu ba. Dunƙulalle ne kamar curin fura, tsakiyarsa ta fi haske, gefensa yana narkewa cikin duhu ba ka san inda ya ƙare ba. In iska ta lafa sai in ga kamar yana da tsakuwa-tsakuwa, in ta motsa ya koma hazo. Na yi hamdala a fili. Ƙwalla ta cika mini ido har sai da na share don in ci gaba da gani. Na kira Baffa ya zo ya duba, ya ce a'a, shi idonsa yana ƙasa.

Na kunna jar tocila na fara ɗiga taurari. Ban san minti nawa suka wuce ba sai na ji muryarsa.

"Malam, karnukan ƙetare na haushi."

"Karnuka ai haushi sukai, Baffa."

Na dangwali garin fensir na fara shafa tsakiyar. Wannan shi ne wuri mai wuya, in ka danna ya yi yawa ka yi ƙarya, in ka sassauta ka rage wa abin haƙƙinsa. Na leƙa, na shafa, na sake leƙawa.

"Malam, sun yi shiru. Gaba ɗaya sunka yi shiru."

"To ba shi ke nan ba?"

Na ji ya tashi tsaye. Na duba agogo da jan haske, saura minti ashirin. Curin ya fara gangarawa, gefensa na yamma ban ko taɓa shi ba.

"Akwai haske ƙasa," ya ce. "Ɗan kaɗan, kamar an ruhe tocila da hannu."

Na ji ƙarar sandar ƙarfen da ake bugu da ita, ya ɗauke ta daga ƙasa. Na yi tsalle na kama wuyan hannunsa. Dattijo sa'an mahaifina, na riƙe shi da ƙarfi kamar na kama ɓarawo.

"Baffa, ka bari! Alhaji na, agogo shika dubawa."

"Agogo ba ya tahiya, Malam. Hasken ga tahiya shikai."

"In kab buga, gari biyu sun tashi a banza, a ce ni nij jawo. Ni nir roƙi awag ga, ni nis san lokacinta. Minti goma, don Allah."

Sai ya sassauta hannu, ya ajiye sandar, ya koma bakin soro ya tsuguna.

Ga abin da ban taɓa gaya wa mai gari ba, ban gaya wa matata ba. Kafin in mayar da ido cikin madubi, na kalli wajen da yake nunawa. Ban kalla kai tsaye ba, gefe na kalla, yadda na saba. A duk ƙasar nan, in ka cire Baffa, ba wanda ya fi ni sanin yadda ake ganin abu mai rauni a cikin duhu. Na gani. Ba ɗaya ba ne, uku ne ko huɗu, a jere, suna tafiya a hankali daga wajen masallaci zuwa wajen tudu. Na ce wa kaina idona ne ya gaji. Na sunkuya na gama gefen yamma.

Sha ɗaya ta yi. Na rufe littafi na ce, yanzu za ka ga ya buɗe. Muka tsaya muna kallon wurin da fitilar take. Minti ɗaya, biyu, biyar. Duhun da na yi shekara uku ina roƙo yana nan shimfiɗe. Baffa bai sake tambayata ba. Ya ɗauki sanda ya buga ƙarfen, ya yi ta bugu kamar zai tsaga shi.

Ban san yadda na sauko daga soro ba. Na dai san mun ratsa fadama da gudu, ana ihu, masu bindigar toka suna harbi sama, taɓo ya cire mini takalma na bar su. Tun kafin mu hau gaɓa muka fara jin kukan mata. Mun makara. A ƙafa suka shigo, baburansu suka bari a bayan tudu, ba su harba ko harsashi ɗaya ba. Mutum shida suka tafi da su. Na farko shi ne Alhaji, wanda suka iske a waje, zaune a gindin sanda a kan tabarma, yana jiran awa ta cika.

Tabarmar tana nan, gorar tana kwance a gefenta. Na ɗauka na ɗaga na zare buhun, ina jiran haske ya watsu a kanmu. Ba abin da ya fito. Fitilar a mace take a ƙarƙashinsa. Wani ya haska ƙasa da tocila ya ce an ja waya.

Ba wanda ya zage ni, da an zage ni da na fi samun sauƙi. Mai garinsu ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Maza suka bi sawu har bakin daji suka dawo. Na zauna a gindin sandar har aka kira asuba, na kasa shiga gidan yayata. Sai da rana ta fito ta aiko a kira ni.

Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta, mata sun kewaye ta. Ta ce su ba mu wuri. Idonta a bushe yake. Na durƙusa na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Ni nij ja ta," ta ce. "Na ji su bayan darnin gida. Nir rarrafa har wurin wayar, nij ja, ta hito hannuna. Nic ce to, ƙanena na bisa soro, idonai na wajen ga, ba wanda za ya riga shi gani. Sai niz zauna ina sauraren ƙarhenku. Ina ta saurare. Sai can nit tuna da buhun."

Na kifa kaina a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka binne mahaifiyarmu. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce, "Ka dai gani?"

Na ce na gani.

"Ka zana?"

Littafin yana cikin aljihun rigata, da shi na yi gudu ban sani ba, gefensa duk taɓo. Na buɗe shafin na miƙa mata. Da rana abin bai fi shafar ɗan yatsa ba, da'ira ɗaya, ɗigo goma sha wani abu, da ɗan baƙi-baƙi a tsakiya. Ta kalla ta daɗe, ta juya shi ta sake kallo.

"Wanga na?"

"Shi na, Yaya."

Ta kama shafin ta yage shi daga littafin a hankali, ta ninke shi huɗu, ta ɗaure a bakin zanenta.

"Ni ka aje mai," ta ce. "Da za shi hita da tabarma cewa yay yi, in ka gama shina son shi ga abin."

Damina biyu ke nan. Huɗu daga cikin shidan sun dawo a ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, sun ce tun kwana na uku aka raba su da Alhaji. Yayata ba ta yi takaba ba, ta ce ba a kawo mata gawa ba. Duk wanda aka ce ya fito daga daji, ko a Maradun ne ko a Bakura, sai ta sa na kai ta ta tambaye shi, kuma takardar tana ɗaure a bakin zanenta duk inda muka je.